Sabon Silin, Ruɓaɓɓen Rufi

Akwai wani matashi da kowa ke kira Auta, wanda ya gaji gidan haya daga mahaifinsa. Ina rubuta labarinsa ne raina a ɓace, don haka ku yi haƙuri idan kun ji harshena ya yi kaifi yau.

Gidan tsoho ne. Ɗakuna ne jere biyu suna kallon juna, tsakar gida a tsakani, famfo ɗaya a can ƙarshe, igiyoyin shanya sun ratsa daga wannan bango zuwa wancan. Ginin yana da ƙwari, don a lokacin da aka yi shi ba a rowar siminti. Ciwon gidan yana sama. Kwanon rufin ya yi tsatsa har ya koma ja, ƙusoshinsa sun saki, gara kuma ta cinye cikin katakon da ke ɗauke da shi.

Da hadari ya haɗu, ba ka jin komai a gidan nan sai ƙarar bokitai da robobi. Kowa ya san inda ɗakinsa yake yoyo. Tsohon silin na kwali ne, duk inda ruwa yake bi ya bar tabo, mutane kuma suka jera kayansu daidai da tabon. Gado ya kauce nan, akwati ya kauce can.

Mahaifin Auta ya san da wannan. Ya daɗe yana tara kuɗi, kuma duk 'yan hayan sun ji daga bakinsa cewa kuɗin rufi ne. Ajali ya riga shi. Kuɗin ba su kai a yi komai da komai ba. Za su iya aiki ɗaya mai nauyi, ko kuma ƙananan ayyuka da yawa masu ɗaukar ido.

A ɗakin ƙarshe akwai Baba Direba da matarsa, wadda duk gidan ke kira Inna. Sun fi kowa daɗewa a gidan. Inna ta goyi Auta a bayanta yana jariri. Baba Direba kuwa, lokacin da yake jan motar haya, shi ne ke sauke Auta a ƙofar makaranta, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Yanzu Baba Direba a kwance yake. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya tafi da gefensa na hagu da rabin harshensa. Hannun dama ne kawai ya rage masa. Magana kuma sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar. Ba ya iya juyawa da kansa, balle ya sauka daga gado. Inda aka kwantar da shi da safe, nan za a same shi da yamma.

Inna tana aikin shara da goge-goge a wata makaranta. Da sassafe take fita, sai rana ta faɗi take dawowa. Takan bar ƙofa a saye don Tela, maƙwabcinsu mai ɗinki a ɗakin kusa, ya riƙa leƙawa. Duk ranar da ta hango hadari tana wurin aiki, hankalinta ba ya jikinta. Tsoronta guda ne: mutumin da ba ya iya gudu yana kwance a ƙarƙashin rufin da ba shi da tabbas.

Bayan an share makoki, Auta ya tara 'yan haya a tsakar gida. Ya zo da baƙin gilashi a fuska da waya a hannu, yana ƙamshin turare.

"Zan gyara gidan nan," in ji shi. "Nan gaba kaɗan ba za ku gane shi ba."

Mutane suka hau sa albarka. Tela ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho, ya bar baya mai kyau. Yaushe za a fara cire kwanon?"

"Wane kwano?"

"Na rufi mana, ranka ya daɗe."

Auta ya yi 'yar dariya. Ya ɗaga wayarsa ya nuna musu hoton wani gida mai baƙin get da fitilu a kan katanga.

"Get za a fara. Sai fenti, ciki da waje. Sai tayil a baranda. Sai sabon silin na roba a kowane ɗaki, fari tas. Wa ya taɓa ɗaukar hoton kwanon rufi ya kai wa dillali? Mai neman gida abin da idonsa ya gani yake biya."

Inna ce ta matso.

"Auta, ɗana, saurare ni. Mu ba ma neman ƙawa. Bar mana bangonmu da dattinsa, mun saba. Rufin nan ka taimaka ka yi. Ka ga Babanka yana kwance. In wani abu ya faɗo, kowa zai ruga waje, shi fa?"

"Inna, don Allah ki daina kira na Auta a gaban mutane. Ni ne mai gidan nan yanzu."

"To mai gida, na ji. Rufin fa?"

"Rufin da ya yi shekara da shekaru bai faɗi ba, sai a hannuna zai faɗi? Kuma ku ji da kyau. Gyaran nan ba dole ba ne a kaina. Kamar gyaran kasuwa ne, wanda mai tumatir ke ƙara miki bayan kin saya. Kin taɓa ganin mai saye ya tsaya yana zaɓen gyara?"

Shi kaɗai ya yi dariyar. Jama'a, ku ji fa. Mutanen da ke biyan haya duk shekara, rufin da ke kansu ya zama musu kyautar tumatir!

Aiki ya kankama. Aka kafa get, aka shafe bango da fenti mai ruwan madara, aka shimfiɗa tayil mai santsi wanda ya kayar da yara tun ranar farko. Sannan kafinta ya zo da sabon silin.

Kafintan ya leƙa sama, ya sauko yana karkaɗe ƙurar gara daga kansa.

"Oga, kwanon nan duk huji ne. In na buga silin a haka, ruwa zai riƙa bi ta haɗin robar, ya ɓata maka fenti."

"To me za a yi don kar ya ɓata?"

Ku lura da tambayar. Bai ce me za a yi don kar ruwa ya shigo ba. Cewa ya yi don kar ya ɓata fenti.

Kafinta ya sosa ƙeya. "Sai dai a shimfiɗa leda mai kauri a sama, ta tare ruwan."

"Tsohon silin fa?"

"Cire shi wani aiki ne, da kuɗinsa."

"Bar shi a wurin. Buga sabon a ƙarƙashinsa."

Kafinta ya ce, "Kai ne mai aiki," ya ɗauki hamarsa. Shi ma ban wanke shi ba. Ya san abin da yake yi, amma ya ga kuɗi ya ja bakinsa ya yi shiru.

Haka aka yi. Aka fitar da Baba Direba baranda na wuni guda, aka lulluɓe ruɓaɓɓen kwali da leda, aka rufe komai da farar roba mai sheƙi, aka mayar da shi gadonsa. Tabon ruwa ya ɓace. Ɗakin ya yi fes, har ba ka son ɗauke ido.

Ruwan farko ya sauka. Mutane suka ruga suka jera bokitai kamar yadda suka saba. Ko ɗigo bai sauko ba. Ruwa na biyu ma haka.

Auta ya shigo gidan yana taku ɗai-ɗai.

"Ina masu cewa rufi, rufi? Tela, ina bokitinka? Ka sayar ko ka fara wanka da shi?"

Tela ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Amma a ransa yana tambayar da kowa ya kamata ya yi: ruwan da ya saba saukowa, ina yake tafiya yanzu?

Ba ya tafiya ko'ina. Yana nan a sama, yana taruwa a cikin leda. Tsohon kwalin yana shan wanda ya ɓulle yana ƙara nauyi, katakon da gara ta ci yana ɗauke da su duka.

Ita kanta Inna ta saki jiki. Ta ce wataƙila ita ce ta munana wa yaron zato. Ta daina kallon sama, kowa ma ya daina. Mutum ɗaya ne a gidan yake wuni yana kallon silin, don ba shi da wani wurin kallo.

Wata rana da yamma Inna ta dawo ta sami Baba Direba idanunsa a waje, yana numfashi sama-sama.

"Ci... ciki," ya ce.

"Ciki? Cikinka ke ciwo, Malam?"

"Ciki!"

Ya ɗaga hannun damansa ya miƙa yatsa sama. Inna ta kama hannun ta sauke a hankali.

"Haka ne, Allah yana gani. Shi zai kawo sauƙi."

Ta ruga kemis ta sayo maganin ciwon ciki. Ya datse baki, ta lallashe shi, ta matse masa hanci kamar yaro ta ɗura masa. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido, ta goge tana cewa ɗacin magani ne.

Washegari ma haka. "Ciki, ciki." Ta sauya masa abinci. Ta gasa masa cikin da ruwan ɗumi. Tela ya ce ko fitsari ne ya riƙe shi. Wata maƙwabciya ta ce a'a, so yake a riƙa shigowa ciki ana taya shi hira, kaɗaici ne ke damunsa.

Bari in faɗa muku abin da bawan Allah yake nufi, don raina ba zai jure in ja ku ba. Silin ne ya yi ciki. Daidai saman gadonsa robar ta fara kumburowa tana saukowa. Fari ne a kan fari, wanda ke tsaye ba zai lura ba. Sai wanda ke kwance a ƙarƙashi, idan hasken taga ya bugo ta gefe da rana tsaka. A lokacin kuwa Inna tana wurin aiki. Kafin ta dawo duhu ya fara, 'yar fitilar cajinta kuma a ƙasa take ajiye ta.

Kullum yana kallon abin yana ƙaruwa. Ya san kalmomin duka, suna nan a kansa, amma harshensa guda ɗaya kawai yake iya fitarwa.

Ana cikin haka Auta ya aiko da saƙo: tunda gida ya canja, haya ma ta canja. Wanda ba zai iya ba, ya ba da wuri.

Inna ta tare shi a bakin sabon get.

"Mai gida, abin da ka ɗora mana ya fi albashina. Ina za mu je da mara lafiya?"

"Ni ma ba sadaka na buɗe ba, Inna. Kin ga abin da na kashe?"

"Mun ce ka kashe? Mu rufi muka roƙa!"

"Har yanzu maganar rufin? Ruwa ya taɓa ki ne tun da na yi aikin?"

"Bai taɓa ni ba."

"To ki gode min mana, maimakon tsegumi. Ɗakinku ma shi ya fi kowane girma. Akwai masu so."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan ne yaron da ta yi wa wanka, ta share wa majina. Ta ce, "Allah ya shirye ka," ta juya ciki, don in ta ƙara kalma ɗaya ba ta san abin da zai fito ba.

Ranar da abin zai faru, ruwa aka wuni ana yi tun hantsi, ya ɗan tsagaita bayan azahar. A nan Auta ya iso da dillali da wata mata ma'aikaciyar banki da ke neman ɗaki. Ya zaɓi ranar ruwa da gangan, don ta ga da idonta cewa gidan ba ya yoyo.

Kai tsaye ya nufi ɗakin ƙarshe. Tela ya taso daga kan keken ɗinkinsa da tef a wuya.

"Haba ranka ya daɗe, matar ɗakin ba ta nan, mara lafiya ne kwance. A jira ta dawo mana."

"Gidanka ne?"

"A'a, amma..."

"To koma kan ɗinkinka."

Ya tura ƙofa ko sallama babu. Matar ta ja baya da ta ga mutum a gado.

"Ashe da mutane a ciki? Sannu Baba, ya jiki?"

"Kar ki damu, Madam, tashi za su yi," in ji Auta. "Ki duba faɗin ɗakin. Ki duba fenti. Ana ruwa tun safe, nuna min ɗigo ɗaya a ƙasa."

Dillali ya ce, "Ai gida ya haɗu, Hajiya. Irin wannan ba ya kwana."

Baba Direba ya ga baƙin fuska, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa.

"Ciki! Ciki! Ciki!"

"Me yake cewa?" ta tambaya.

"Haka yake wuni yana yi. Cikinsa ke ciwo, ko yunwa. Baba, yi mana shiru muna magana."

Amma matar ba ta san Baba Direba ba, ba ta san labarin ciwon ciki ba, ba ta da wata fassara da ta riga ta ajiye. Ta ga mutum yana nuna sama, sai kawai ta kalli sama. Ta ɗan rusuna kusa da gadon, ta karkata kai.

"Innalillahi! Malam, silin ɗin nan ya yi ciki. Shi yake faɗa muku!"

Baba Direba ya fashe da kuka mai sauti. A ƙarshe dai an samu wanda ya ji.

Tela, da ke bakin ƙofa, ya ɗora hannu a ka. "Wayyo, silin! Ku kama mu fitar da shi!"

Jama'a, a nan ne Allah ya ba Auta damar ƙarshe. Da ya sa hannu an ɗauki tsohon nan, da labarin ya ƙare a kan asarar roba da fenti. Amma shi ba tsoho yake gani ba. Cinikin da zai kufce yake gani, da Tela da zai yi masa dariya.

"Ba inda za a kai shi! Wane irin ciki? Haka robar take, sabuwa ce. Ku tsaya ku gani."

Ya fizgi tsohuwar sandar Baba Direba da ke jingine a bango.

Matar ta yi ihu, "Kar ka taɓa!"

Ya caka sandar a tsakiyar kumburin.

Ƙarar da ta biyo baya har bakin titi an ji ta. Robar ta tsage, leda ta fashe, ruwan da ya kwana ya wuni a sama ya zubo gaba ɗaya, baƙi ƙirin, mai wari. Bayansa jiƙaƙƙen kwali ya biyo, sannan ruɓaɓɓen katako da ƙusoshinsa a jiki.

Dillali shi ya fara kaiwa get. Auta ya faɗi gefe, goshinsa a tsage, jini da baƙin ruwa sun haɗu a kan farar rigarsa. Tela da matar banki ne suka faɗa cikin tarkacen suna tonowa da hannu.

Suka same shi da rai. Hannun da ya ɗaga yana nuni shi ne ya tare masa katakon, shi ya sa bai sauka a fuskarsa ba. Amma hannun ya karye a wuyansa, ƙusa kuma ta shiga ta tsinka jijiya.

A motar matar banki aka kai shi asibiti. Aka aika wa Inna. Ta iso da rigar aikinta, takalmi ƙafa ɗaya. Da Tela ya gaya mata ma'anar kalmar, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Yana gaya min. Kullum yana gaya min, ni kuma ina ɗura masa magani. Har hancinsa na matse!"

"Ba laifinki ba ne, Inna," in ji Tela. "Ni ma ina shiga ɗakin."

Auta ya fito daga ɗakin da aka ɗinke masa rauni, da bandeji a goshi. Ya nufo ta yana cewa, "Inna, tsautsayi ne, kafintan nan ne ya..."

Ta miƙe. Duk wanda ke wurin bai taɓa jin muryar Inna ta kai haka ba.

"Rufe min baki! Tsautsayi? Tsautsayi shi ne abin da mutum bai sani ba. Kai ka sani! Ubanka ya faɗa, mun faɗa, na roƙe ka a gaban jama'a. Da can ruwa na zubo mana, amma muna ganinsa, mun san inda za mu kauce. Kai ka zo ka rufe mana ido, ka tara shi a kan mutumin da ba ya iya motsi. Don hoto! Don a ce gidanka ya yi kyau a waya!"

"Inna, ki yi haƙuri, mutane na kallo..."

"Su kalla! Ai kallo kake so!"

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsun ba su sake naɗewa ba. Da wannan hannun Baba Direba yake cin abincinsa, yake jan bargo, yake korar ƙuda daga fuskarsa. Shi ne ɗan abin da ya rage masa na mutuncin kansa. Shi ma ya tafi.

Gidan kuwa ya watse. A ranar kowa ya kwana a baranda, don ba wanda ya yarda ya sake kwanciya a ƙarƙashin farar robar nan. Da aka farke sauran ɗakunan, kowanne da nasa ruwan a sama. Tela ya ɗaure keken ɗinkinsa ya tafi, sauran suka bi. Labari ya zagaye unguwa, dillalai suka daina ɗaga wayar Auta.

Sai da ya biya aka cire duk silin da ya biya aka buga. Ruwa ya bi bango ya kumbura fentin, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Kuɗin rufi kuma babu, sun tafi a get da tayil. In ka wuce ta layin yau za ka ga get yana sheƙi da ƙaton kwaɗo a jiki, bayansa ɗakuna a buɗe ruwa na shiga yadda ya ga dama.

Bayan an sallami Baba Direba, ƙanin Inna ya ba su ɗaki a gidansa. Dole ta bar aikin makaranta, don yanzu ba a iya barin sa ko na awa guda.

Can Auta ya same su wata rana da hantsi. Babu gilashi, babu turare, ya rame. Ya yi sallama wannan karon, ya durƙusa a bakin ƙofa. Inna na zaune a gefen gado da kwanon shinkafa mai laushi, tana ba mijinta a baki.

"Inna, na zo neman gafara. Baba, ka yafe min."

Inna ta ci gaba da ba mijinta abinci.

"Na sa motata a kasuwa. Zan yi rufin, gaba ɗaya, sabon katako da sabon kwano. In an gama ku dawo ɗakinku. Ba za ku sake biyan haya ba har abada."

Inna ta goge bakin Baba Direba da gefen zane. Sannan ta juyo.

"Matso nan."

Ya matso da gwiwa. Ta miƙa masa cokalin.

"Riƙe. Ba shi."

Auta ya karɓa. Ya ɗebi shinkafa, ya kai bakin tsohon. Baba Direba ya zuba masa ido, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya buɗe baki, don yunwa yake ji, kuma ba shi da wata hanya. Rabin shinkafar ta zube masa a ƙirji. Ya sunkuyar da ido yana kallonta, hannunsa na kwance kusa da ita, bai iya ɗauke ko ƙwaya ɗaya ba.

Auta ya fashe da kuka.

Inna ta karɓe cokalinta, ta tsince shinkafar daga ƙirjin mijinta.

"Cokali ɗaya ke nan ka ba shi. Haka ake yi safe da rana da dare, yau da gobe, har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya. Ɗakinka na kyauta zai yi masa wannan?"

Ta nuna masa ƙofa da cokalin.

"Je ka yi rufinka, don waɗanda za su shiga bayanmu 'ya'yan mutane ne. Maganar yafiya kuwa, ba ni ka karya wa hannu ba. Tashi ka ba mu wuri, abincinsa na hucewa."

Ya tashi ya fita. Ita kuma ta ɗebi wani cokalin, ta hura, ta kai bakin mijinta.

Darasi: Idan Allah ya ba ka gidan da mutane ke kwana a ciki, ran mutane aka ba ka amana, ba bango ba. In kuɗin gyara ba su da yawa, fara da abin da zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi: rufi, wayar wuta, bangon da ya tsage. Fenti da get za su jira. Kada ka rufe ɓarna don kar a gani, domin tana nan tana girma, kuma a kan mafi rauni take faɗawa. Wanda yake zaune a ɗaki ya fi ka sanin ciwonsa, ka saurare shi tun kafin neman gafara ya zama bai da abin da zai mayar. Ku tura wannan ga duk mai gidan haya da kuka sani, da duk wanda ke shirin gyaran tsohon gida, ko Allah zai sa wani ya ɗaga kai ya duba rufinsa yau.